Wa Zai Ɗauki Kasadar Gobe?

Duk wanda ya saba bin hanyar Bauchi zuwa Jos ya san Miri, ko da kuwa bai taɓa tsayawa ya sha ruwa a cikinta ba. Gari ne da ƙafarsa ɗaya ke cikin birni, ɗaya kuma ke cikin karkara. Saboda haka duk iskar da ta kaɗa kasuwa, ta hatsi ce ko ta mai, sai ta same shi ta fuska biyu. A nan ne wata tambaya ta fara damuna, kuma ita nake so mu tattauna da mai karatu.

Akwai wani mai injin niƙa da na sani a garin, injinsa kuwa da fetur yake aiki. Ranar 29 ga Mayu, 1923 ba ta shafe shi ba, domin ko kakansa ba a haifa ba, amma ranar 29 ga Mayu, 2023 ta shiga gidansa har ɗaka. A ranar ce sabon Shugaban Ƙasa, Bola Ahmed Tinubu, ya faɗa a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin mai ya ƙare. Kafin mako ya zagayo, litar da gwamnati ta ƙayyade a kan kimanin Naira 185 ta haura Naira 500. Mai injin nan ya wayi gari kuɗin da ya tara na sayen man mako guda ba su isa na kwana uku ba. Maƙwabcinsa kuwa, wani ɗan bumburutu da Allah ya sa ya cika jarkokinsa kwana biyu kafin jawabin, ya wayi gari jarinsa ya kusa ninkawa uku. A cikinsu babu wanda ya ƙara aiki, babu wanda ya yi lalaci. To, wannan riba da wannan hasara da kan faɗo wa mutum ba da gumin goshinsa ba, wa ya cancanci ya ɗauke su? Kuma shin ya halatta mutum ya sauke hasarar da yake tsoro a kan wani?

Masana tattalin arziki suna kiran irin wannan rashin tabbas kasadar farashi. Dabarun da ake yi don kare kai daga gare ta kuwa bari mu kira su garkuwar farashi, wato mutum ya ɗaure farashin gobe tun yau, ko ya biya wani lada don ya tare masa faɗuwa ko hauhawa.

Na san za a tare ni tun daga bakin ƙofa a ce: Malam, ai gobe ta Allah ce, wanda ya ce zai ɗaure ta ya yi ƙarancin tawakkali. Wannan ba zai tsayar da mu ba. Mu da muke cewa don tuwon gobe ake wanke tukunya, muka kuma cika ƙauyukanmu da rumbuna, ba mu da bakin zargin mai tanadi. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi ya ba da shawarar a bar hatsin shekaru bakwai na wadata a zangarniyarsa domin shekaru bakwai na fari, kuma babu malamin da ya taɓa ƙirga wannan a cikin raunin imani. Tanadi halas ne, har abin yabo. Matsalar tana wani wuri dabam.

Inda take shi ne, kasada ba ta mutuwa. Kaya ce irin ta 'yan dako: in ka sauke ta daga kanka, to wani kan ta hau. Rumbu yana iya raba yunwa tsakanin kaka da bazara, amma ba ya hana farashi motsi. Duk wata yarjejeniya da ake ƙullawa a manyan kasuwannin mai da na kuɗi, komai tsawon sunanta, in ka warware ta za ka iske ta ƙunshi abu guda: wane ya ce wa wane, karɓi wannan tsoro nawa, ga ladanka.

Wani lokaci sauyin yakan zo da sa'a, tsoro biyu su kashe juna. A ce ga manomin masara a Miri, ga kuma mai gidan kaji a cikin birnin Bauchi. Manomi yana fargabar farashi ya karye da kaka, mai kaji yana fargabar ya tashi. Sai su zauna tun farkon damina su amince a kan, a misali, Naira 40,000 kowane buhu. In kaka ta zo buhu ya sauka 30,000, manomi ya tsira, mai kaji ya yi cizon yatsa. In ya hau 50,000, sai a yi musayar fuska. Amma duk su biyun sun yi barci da daddare tsawon damina, kowa ya san abin da zai shuka da adadin tsakin da zai saya. Abin da suka saya ke nan, barci, suka kuma biya da haƙƙin cin garaɓasa. A kan wannan tushe aka kafa kasuwar hatsi ta Shikago a Amurka a 1848, inda daga baya cinikin gaba ya zama tsararren abu, kuma kafin nan fatakén shinkafa na Osaka a Japan sun yi irinsa tun ƙarni na 18. Cinikin gaba na ɗanyen mai bai zo ba sai a 1983 a kasuwar Niyok, bayan rikice-rikicen farashi na 1973 da 1979 sun koya wa duniya hankali.

Sai dai a lura, irin wannan ciniki ba ya tsayawa sai a kan alkawari. Ranar da buhu ya kai 50,000, me zai hana manomi ya lallaɓa da daddare ya kai masararsa kasuwar Muda Lawal, ya dawo ya ce gona ba ta yi ba? Manyan kasuwanni sun toshe wannan ƙofa da dokar ajiye kuɗin jingina a hannun wani na uku, ana daidaita lissafi kullum yamma. Mu kuwa abin da muka dogara da shi shi ne kunya da tsoron Allah da idon unguwa. Inda waɗannan suka yi rauni, babu mai yarda ya ɗaure farashi da kowa, sai kowa ya zauna tsirara a gaban kasuwa. Ashe cin amana ɗaya yakan hana mutum ɗari garkuwa.

Yanzu bari mu zo ga namu na gida, wanda ya fi ci mini rai. Bahaushe ya daɗe da sanin sayar da abin da bai nuna ba. Shi ake kira falle. Watan Agusta ne, rumbu ya yi ƙasa, yaro ba lafiya, ga taki ana bukata. Sai manomi ya je wurin mai hali ya karɓi kuɗi ko hatsi, a kan zai biya da amfanin gona da kaka. In ka dubi siffar cinikin daga nesa, kamar salam ne, wanda shari'a ta halatta. Sa'ad da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya iso Madina, ya tarar ana biyan kuɗin dabino shekara ɗaya ko biyu kafin ya nuna. Bai hana ba, sai ya shar'anta a san awo, a san nauyi, a san lokaci. Malamai suka ƙara bayyana cewa lalle mai saye ya biya kuɗin gaba ɗaya tun farko, ko da yake mazhabar Malikiyya ta yi sassaucin jinkirin kwana uku. Hikimar a fili take: manomi ya sami jari a lokacin da yake bukata, ya kuma sauke kasadar faɗuwar farashi a kan mai kuɗi, wanda ya fi shi ƙarfin wuya.

To me ya sa falle ya yi ƙaurin suna, alhali salam abin yabo ne? A ganina amsar tana cikin halin wanda ya zo neman cinikin. Manomin da ya zauna da mai kaji a misalinmu na baya yana iya tashi ya kaɗe rigarsa in farashin bai yi masa ba. Wanda ɗansa ke kwance ba ya iya tashi. Kasuwa a kai miki dole ke nan. Mai kuɗi ya san haka, saboda haka yakan yanka farashin da ko kaka ta yi araha ƙwarai ba zai yi hasara ba. Ka ga ke nan ya karɓi ladan ɗaukar kasada, amma bai ɗauki kome ba. In kuma fari ya zo ko ambaliya ta ci gonar, bashin yana nan a wuyan manomi, wani lokaci har gonar ta tafi jingina. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Masana fiƙihu ma suna da ƙa'ida mai kama da wannan, cewa riba tana tafiya ne tare da ɗaukar lamuni. Mai fallen da ya ci lada ya ƙi aski, shi ne azzalumi, ko da kuwa ya cika kowane sharaɗi na awo da lokaci. Na taɓa faɗar haka a gaban wani dattijo mai wannan sana'a, sai ya ce da ni: "Ɗana, in na daina, wa zai ba su? Banki?" Ban sami amsar da zan ba shi ba a lokacin, kuma har yanzu ina ganin maganarsa tana da ƙashi. Amma kasancewar babu wata rijiya a gari ba ya halatta wa mai rijiya ya sayar da guga a kan kuɗin saniya.

Akwai mutum na uku a wannan sha'ani, wanda ba shi da gona ba shi da kaji, abin da yake da shi kuɗi ne da hasashe. Shi ne mai sayen hatsi da kaka ya tara a sito, kuma ɗan'uwansa ne mai sayen takardun mai a Landan wanda bai taɓa jin warin ɗanyen mai ba. Jama'a sun tsane shi, kuma ba a rasa dalili ba. Shari'a ta haramta ihtikari, wato ɓoye abinci a lokacin tsanani don a matsa wa mutane. A watan Fabrairun 2024, sa'ad da tsadar abinci ta kai maƙura, hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe waɗansu ɗakunan ajiya a yankin kasuwar Dawanau bisa zargin ɓoye kaya, mutane da yawa suka yi tafi. Amma mu yi adalci. In babu mai saye da kaka, wa manomi zai sayar wa a lokacin da kowa ke sayarwa? In babu wanda ya ajiye, me za a ci a watan Yuli? Sa'an nan ga abin da ya biyo baya: a watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na wani lokaci, a 2025 kuma farashin hatsi ya karye warwas. Waɗanda suka tara da tsada sun sayar da araha, jarin wasu ya narke. Ban ji an yi musu jaje ba, kuma ban ce a yi ba. Sun ci lada a shekarun baya, sun yi aski a wannan. Mutumin da ya ɗauki kasada da kuɗinsa, ido buɗe, kuma bai da ikon murɗa kasuwa, ban ga laifinsa ba. Laifi yana farawa daga inda 'yan kaɗan suka haɗa baki suka ƙirƙiri ƙarancin da suke cin ribarsa.

Game da masu cinikin takarda kuwa, lamarin ya fi duhu, domin a can ba kuɗin da aka biya ba kayan da aka karɓa, kuma galibinsu ba su da niyyar karɓa. Bambancin farashi kawai suke jira. Shi ya sa Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta ƙi amincewa da cinikin zaɓi da mafi yawan cinikin gaba kamar yadda ake yin su a waɗannan kasuwanni. Wani abin mamaki da ya faru ranar 20 ga Afrilu, 2020 ya nuna inda gizo ke saƙa. Annobar korona ta tsayar da jirage da motoci, tankunan ajiya na Amurka suka kusa cika, ga wa'adin karɓar mai ya gabato. Waɗanda suka sayi takarda ba su da tanki suka shiga neman mai karɓa ko ta halin ƙaƙa, har farashin ganga ya faɗi ƙasa da sifiri, ya tsaya a kan bashin Dala 37 da ɗoriya. Wato mai kaya ne ke biyan mai saye don ya rabu da shi. Duk tsohuwar da ke Miri za ta iya gaya musu cewa ba a sayen hatsi sai an tanadi rumbu.

Saura babban ɗan dako, wato hukuma. Hujjar da ta fi ƙarfi ta kasancewar gwamnati a sha'anin kasuwa ita ce wuyanta ya fi na kowa kauri: tana iya raba hasara a kan mutane miliyoyi da shekaru masu yawa. Mun gwada wannan sau da dama. A zamanin dalar gyada ta Kano, Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa, wadda aka kafa a 1954, takan yanka wa manomi farashi ƙasa da na kasuwar duniya, da sunan za a ajiye rarar domin shekarar da farashi ya faɗi. Kaso mai yawa na rarar ya tafi ga waɗansu ayyukan gwamnati. Wasu masu amfani ne ƙwarai, amma ba abin da aka yi wa manomi alkawari ba ke nan. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona baki ɗaya, aka bar manomi da kasuwa. A 1975 an kafa asusun daidaita farashin mai, domin mutumin Bauchi ya sayi lita a kan kuɗin da mutumin Legas ke saye, duk da nisan tanka daga bakin teku. Tallafin mai shi kansa garkuwa ce da gwamnati ta riƙe wa jama'a, ko da yake garkuwa ce mai tsada mai yoyo: a 2022 kaɗai ya ci fiye da Naira tiriliyan 4, kuma wani ɓangare na man yakan ƙetare iyaka a ɓoye.

Wanda ya fi kama da shawarar Annabi Yusuf shi ne asusun rarar ɗanyen mai da gwamnatin Olusegun Obasanjo ta buɗe a 2004. Ana tsara kasafi a kan wani farashi, abin da ya haura a ajiye. Ya kai kimanin Dala biliyan 20 a 2008, kuma a shekarar ce ganga ta hau Dala 147 a watan Yuli ta faɗo ƙasa da 40 kafin Disamba ta ƙare. Rumbun ya yi rana a lokacin. Amma gwamnoni suka kai ƙara kotu cewa tsarin mulki bai san da asusun ba, aka yi ta rabawa, har a shekarun da ganga ke sama da Dala 100. Da farashi ya sake karyewa daga 2014 zuwa farkon 2016, sai aka buɗe rumbu aka tarar da ƙaiƙayi. Tattalin arzikin ƙasa ya durƙushe a 2016, jihohi da dama suka kasa biyan albashi. A 2022 abin da ya rage a asusun bai kai Dala rabin miliyan ba. Meksiko kuwa, wadda ita ma mai take sayarwa, wata hanya ta bi: ta shafe shekaru tana biyan manyan bankuna lada, wajen Dala biliyan 1 a shekara, don su lamunce mata ƙaramin farashin da ba za ta sayar ƙasa da shi ba. A shekarun lafiya kuɗin yakan tafi kamar an zuba a rijiya, amma a 2009 ta karɓi kimanin biliyan 5, a 2015 fiye da biliyan 6. Ban kawo wannan don in ce mu kwaikwayi siffar cinikin ba, domin mun ji abin da malamai suka ce a kan irinsa. Abin lura shi ne haƙurin biyan lada shekara da shekaru a kan musibar da ba ta zo ba tukuna, wanda shi ne muka rasa. A watan Nuwamban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Kolmani, a kan iyakar Bauchi da Gwambe, ya ƙaddamar da aikin haƙar mai, mutanenmu suka yi murna. Ni dai na yi fatan kafin ganga ta farko ta fito mu fara koyon gina rumbu.

Abin da ya faru a 2023, in an cire masa ado, shi ne babban ɗan dako ya ce wuyansa ya gaji, ya sauke kaya. Ba fetur kaɗai ba. A watan Yunin shekarar aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, Dalar da hukuma ke sayarwa a kan kimanin Naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024, litar fetur kuma ta haura Naira 1,000 kafin shekarar ta ƙare. Ana iya kawo hujjoji masu nauyi cewa sauke kayan ya zama dole, kuma ban raina su ba. Tambayata ita ce, da aka sauke, kan wa ta hau? Kasada halin ruwa gare ta, gangare take bi. Babban kamfani yana da masana da ke saya masa Dala ta gaba. Mai gidan mai yana canza lambar da ke jikin famfonsa kafin sabuwar tanka ta iso. Direban tanka ya ƙara kuɗin dako, mai a-daidaita-sahu ya ƙara kuɗin kujera. Kowa ya sami na ƙasa da shi ya miƙa masa.

Mai injin niƙan nan ma ya sami nasa. Ya ƙara kuɗin kwano, ya kuma daina niƙa bashi. Wadda abin ya tsaya a kanta ita ce wata bazawara mai ƙosai da ke kawo masa wake kullum da asuba. Ita ba ta iya ƙara kuɗin ƙosai ba, domin masu sayenta 'yan makaranta ne da leburori, in ta ƙara sai su wuce. Ta fara rage girmansa, har ya kai inda ba ya raguwa. Daga nan ta rage wake, daga tiya biyu zuwa ɗaya. Ba wanda ya tambaye ta ko ta yarda ta ɗauki kasadar farashin ganga a Landan da ta Dala a Legas, ba wanda ya biya ta ladan ɗauka, kuma a duk jerin mutanen nan ita ce mafi siririn wuya. Sa'ad da na koma Miri bayan ƙaramar salla ta 2024, na tarar ta koma daka wakenta a turmi, ita da 'yarta, tun kafin kiran assalatu.